Husufin Ƙarfe Tara

Jiya bayan magariba ɗaya daga cikinku ya ce in riƙa ba shi makirfo yana hutar da ni, wai ai ladanci ba komai ba ne illa murya da agogon waya. Ban tanka masa ba saboda akwai goro a bakina. Yau babu goro, sai ku gyara zama. In murya da sanin lokaci ne kaɗai, ai zakara ya fi ni cancanta, ga shi bai taɓa makara ba, amma har yau ban ji unguwar da ta damƙa masa makullin masallaci ba. Kun tarar da ni a wannan ɗan masallacin na Gabukka mai sahu uku, kuna tsammanin nan na fara. To, a wani babban masallaci na unguwar Pantami, nan cikin Gombe, na yi ladanci tun gemuna yana baƙi, kuma husufin rana ne ya raba ni da shi.

Wanda ya koya mini aikin sunansa Ladan Sambo, wani dogon Bafulatani da ya bar kiwo ya shigo gari. Shekarata ta farko a hannunsa ko kabbara bai bar ni na ɗaga da ƙarfi ba. Tsintsiya ya ba ni, da butoci in cika, da wata sanda da ya kafa a tsakar haraba. Aikina in tsuguna ina kallon inuwar sandar nan tana raguwa, tana raguwa, har ta tsaya ta fara karkata gabas. Wannan shi ne zawali, shigar azahar ke nan. In na sheƙa na ce masa lokaci ya yi, tambayarsa ɗaya ce: "Ka gani, ko an gaya maka?" In na ce agogon mai shago ne ya nuna, sai ya ce in je mai shagon ya ƙarasa koya mini. Da asuba kuma ya ja ni bayan gari ya nuna mini alfijirin ƙarya, mai miƙewa sama, da na gaskiya mai shimfiɗuwa. Na ji haushin mutumin nan ƙwarai a lokacin, don sauro ya sha jinina saboda shi.

Da lasifika ta zo, mutane suka ce ladan ya huta. Hutun ke nan. Na zama rabin ladan rabin makaniki. Akwai amfilifaya da ke cikin akwatin katako mai kwaɗo, wanda makullinsa ke wuyana dare da rana, akwai batirin mota da sai an ɗauke shi a ka an kai caji, akwai ƙahonin lasifika huɗu a saman wata hasumiya da aka fara ginawa tun ina saurayi ba a gama ba. Tattabaru sun mai da ƙahon gabas gidan haihuwa, duk wata sai na hau tsani na kwashe musu sheƙa, suna kallona kamar ni ne baƙon. Da damina kuwa makirfo yakan ja. Ka kai leɓe kusa da shi ya ɗana maka wuta, kai kuma kana tsakiyar shahada, ba halin ka ce wayyo. Na koyi naɗe shi da tsohuwar hula, na koyi in an ɗauke wuta a tsakiyar kira in fito ƙofa in ƙarasa da maƙogwarona ba tare da na koma farko ba.

Masu hulɗa da ladan kuma duk unguwa ne, kuma babu mai gamsuwa. Mai jego ta aiko a rage ƙara, kurman da ke bayan layi ya aiko a ƙara. Da azumi, mutumin da shekara guda bai gaishe ka ba zai zo ya tsaya a gefenka da dabino a hannu yana cewa, "Baba Ladan, anya ba ta faɗi ba kuwa?" Cigiyar yaro a wajenka, cigiyar akuya a wajenka, sanarwar jana'iza a wajenka, kuma in ka yi kuskuren sunan mamaci, mai sunan ne da kansa zai zo ya same ka. Sannan akwai kira guda wanda kowane ladan ya sani kuma yake roƙon Allah kada ya yi shi: kiran salla ba a lokacin salla ba. Tun iyaye da kakanni, in ka ji shi da hantsi ko da tsakar dare, to gobara ce, ko ɓarayi, ko abin da ya fi su.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda wasunku suna goye a lokacin. Bam ya tashi a tasha, ya tashi a wajen kasuwa, gari ya zama kowa na kallon jakar kowa. Aka jera durom-durom cike da yashi a gaban masallacinmu, aka yi ƙofar ƙarfe, aka sa samari da ɗan abin nan mai kuka in ya ji ƙarfe suna shafa mutane. Ba a shiga da leda, ba a ajiye babur kusa. Dattijon da ya yi shekara arba'in a sahun farko sai jikan abokinsa ya laluba masa aljihu, ya ciro goro da asuwaki. Ana sallama kowa ya kama gabansa, ba tsayawa gaisawa. A shekarun nan kunnen unguwa duka yana kan lasifikata, don an san in wani abu ya faru daga nan za a fara ji.

A cikin wannan hali aka kafa kwamitin masallaci, shugabansa Alhaji Sale mai atamfa, Bakano, mai shaguna a Kasuwar Gombe. Shi ya sayi janareto, saboda haka ko mas'alar rabon gado ce sai an ji ta bakinsa. Yana da suruki, Sabi'u mai sayar da wayoyi, wanda ya haddace kiran sallar Makka daga cikin waya, har da inda ake jan numfashi. Alhaji ya daɗe yana cewa muryata ta tsufa, wai kamar ana jan buhu a kan siminti.

Wata damina sai rediyo ta sanar cewa ranar kaza za a yi husufin rana, daga hantsi zuwa kafin azahar. Alhaji ya kira taro a kan sallar husufi. Ga limaminmu Modibbo Hamma, tsoho mai sanyin magana, ga na'ibinsa Malam Nura, wanda ya yi karatu a ƙasar Larabawa, kuma shi da Modibbo ba su taɓa haɗuwa a kan mas'ala ɗaya ba, ga sauran 'yan kwamiti, ga ni a bakin ƙofa.

Alhaji ya ce, "Daga hantsi zuwa azahar ai ba magana ba ce. Ni ɗan kasuwa ne, a ba ni lokaci guda. Jama'a za su taru, kuma kun san zamanin da muke ciki. Na yi magana da jami'an tsaro, za su ba mu mota ɗaya ta tsaya mana awa guda. Ƙarfe tara za a yi."

Modibbo ya gyara rawani ya ce, "Alhaji, sallar husufi ba a sa mata lokaci kamar ɗaurin aure. Sai an ga rana ta kamu, gani na ido. In an gani, a wajenmu ana yin ta daga ɗagowar rana tsawon mashi zuwa zawali. In ta washe kafin a fara, ta wuce, ba a ramawa. In hadari ya rufe ba a gani ba, babu salla. Kuma ba ta da kiran salla, ba ta da iƙama, iyakaci a ce wa mutane assalatu jami'a."

Malam Nura ya yi gyaran murya. "Allah ya gafarta Malam, zawali ba iyaka ba ne. Ko bayan la'asar aka gani, ana yi."

Nan suka kama, wannan ya ce malam wane ya ce, wancan ya ce ai hadisi bai taƙaita ba. Wani ɗan kwamiti mai sayar da taya, da ya ji an ambaci la'asar, sai ya ɗaga hannu ya ce tunda Malam Nura ya halatta, me zai hana a ɗage abin gaba ɗaya zuwa bayan la'asar, lokacin an tashi daga kasuwa? Mutum biyu suka ce sun goyi baya. Malam Nura ya miƙe tsaye yana cewa shi bai ce a ɗage husufi ba, husufi ba ya ɗaguwa, sai an gani ake yi. Modibbo ya ce, "Gaskiyarka." Ranar nan ce kaɗai na ji wannan kalma ta shiga tsakaninsu.

Alhaji ya ce, "To, a gani mana! Wa ya hana a gani? Ga ladan nan, ya hau sama ya gani da ƙarfe tara."

Da aka watse ya ja ni gefe, ya dafa kafaɗata kamar mai ba ni kyauta. "Baba Ladan, na gayyaci mutane. Mota awa ɗaya ce. Tara ta yi in ji muryarka. In kuma ta gaji, ka faɗa mini, Sabi'u yana nan." Na san makullin da ke wuyana ake nufi.

Da sassafen ranar na tsallaka titi wajen Bitrus mai walda, Batangale, wanda ya ƙera mana ƙofar ƙarfe. Ya zaro baƙin gilashin da ke cikin garkuwar fuskarsa, ya goge da riga ya miƙo mini. Ya ce, "Baba, kar ka kalle ta da ido haka kawai, za ta cinye maka gani. Kuma ka dawo mini da shi, shi ke nan gare ni." Na yi alwala, na hau tsani, na zauna a saman hasumiya tsakanin ƙarafan rodi da kashin tattabaru.

Sama kuwa ta rufe ruf. Hadari ne irin na tsakiyar damina, wanda ba ya zubar da ruwa ba ya kuma gusawa. In na ɗora gilashi a ido, baƙi. In na sauke, toka-toka. Ko inda ranar take sai dai in yi kirdado.

A ƙasa masallaci ya cika har haraba. An shafa kowa, an rufe ƙofar ƙarfe an sa sakata, motar jami'an tsaro ta tsaya a bakin titi. Tara ta yi, Alhaji ya fito tsakar haraba cikin babbar riga mai sitaci, ya ɗaga kai.

"Ladan! Ka gani?"

"Ban gani ba, Alhaji."

"Ka duba da kyau!"

"Hadari nake gani."

Samari suka fara ɗaga wayoyi. Wani ya ce yayansa na Legas ya turo hoto, can har kaji sun shiga akurki. Wani ya ce, "Baba, ai an riga an yi kwanfam, yana kan intanet!" Na ce masa to ya hau intanet ɗin ya yi sallarsa a can. Mai taya ya ce shi kam yana jin garin ya ɗan yi duhu-duhu. Na ce tun jiya yake haka. Alhaji ya koma wajen Modibbo, wanda ke zaune da carbi, Modibbo ya ce masa da Fillanci, "Munyal, Alhaji," wato haƙuri. Malam Nura ma ya ce a jira. Alhaji ya dubi agogo, ya dubi motar da ke bakin titi, ya dubi baƙin da ya gayyato suna fifita da hula.

Ya dawo ƙarƙashina, wannan karon muryarsa ƙasa-ƙasa. "Bawan Allah, duniya duka ta ce ana yi. Masana sun ce ana yi. Kai kaɗai ne ba ka gani ba. Ka ce ka gani mana, wa zai hau ya bincika?"

Na ce, "Alhaji, na yarda ana yi a bayan hadarin nan. Amma ni gani aka aiko ni."

"To, jefo makullin."

Na cire shi daga wuyana na jefa masa, tunda ba gadon ubana ba ne. Raina ya ɓaci. Da na ga ya miƙa wa Sabi'u, sai na leƙa na ɗaga murya: "Assalatu jami'a kawai ake cewa! Kada ya yi kira!" Daidai nan aka tayar da janareton Alhaji, ya haɗiye maganata.

Sabi'u ya daɗe yana jiran ranar nan, ba zai ɓata ta a kan kalma biyu ba. Ya toshe kunne, ya rufe ido, ya saki cikakken kiran salla da ƙarfe tara da 'yan mintuna na safe, ta ƙaho huɗu, a Pantami, a shekarar bam.

Ni da ke sama na ga abin da ba wanda ya gani. Kabbarar farko, masu shaguna suka ɗago kai. Ta biyu, ƙofofi suka fara bugawa, garam, garam, layi bayan layi. Mai shayi ya bar tukunya a wuta. Mata suka fito ba mayafi sosai suna gudu makarantar firamare ɗauko 'ya'ya. Masu Keke suka juya a tsakiyar titi suna karo da juna. Rabin unguwa ba su ma san da zancen wata salla ba, abin da suka sani shi ne an yi kira ba a lokaci ba. Na waje suka ɗauka an shiga masallaci, na cikin masallaci da suka ji ihu a waje suka ɗauka an shigo unguwa. Aka yi kan ƙofa, ƙofa a rufe da sakata, kuma Bitrus ba ya aikin banza. Sai katanga. Na ga mai taya, mutumin da ke salla a kan kujera saboda ciwon gwiwa, ya haye ta ba tare da ya dafa kowa ba. Sabi'u kuwa ido a rufe, yana can yana jan "hayya alal falah" yana karya murya, bai san sahu ya watse ba sai da Malam Nura ya fizge wayar makirfo daga jikin amfilifaya.

Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Wani tsoho ya karye a hannu, an tattake mutane da dama, takalma kuwa sai da aka cika buhu biyu. Jami'an tsaro suka shigo da bindigogi a saite, babbansu yana tambaya, "Wane ne ladan a nan? Wa ya tayar da gari?"

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma namu tsuntsun, Sabi'u, tuni ya bi ta taga. Alhaji ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Ladanmu dai ga shi can." Bai yi ƙarya ba, ni ne ladan. Suka ɗaga kai suka ga tsoho a maƙale a saman gini, yana leƙen unguwa ta cikin baƙin gilashi. Ko ni ne su, zan kama ni. Ana sa ni a bayan mota ina jin Alhaji yana cewa, "A bi shi a hankali, ranka ya daɗe, tsufa ne."

Aka kai ni ofishinsu, aka zaunar da ni a benci a tsakar gida, aka sa wani kofur ya tsare ni kafin babbansu ya dawo. Ina zaune sai na ga haske ya faɗo a kan ƙafata, wani irin haske mara ƙarfi kamar na fitilar da batirinta ya yi sanyi. Hadari ya tsage. Na ciro gilashin Bitrus daga aljihu na ɗora a ido. Ga ta nan, an gutsire mata gefe guda kamar ƙosai a hannun yaro.

Kofur ya ce, "Baba, me kake leƙe kuma?" Na miƙa masa. Ya duba, ya sauke, ya sake dubawa. "Kai! Wallahi an cinye ta!" Ya kira 'yan'uwansa, gilashi ya riƙa yawo hannu zuwa hannu.

Na dubi inuwar sandar tutarsu, har yanzu tana yamma, zawali da saura. Na ce, "Ɗana, yanzu ne lokacin sallar da aka kama ni a kanta. Mutum ɗaya ma yana yi. Ka ba ni izini?"

"Raka'a nawa ce?"

"Biyu."

"To, yi sauri kafin oga ya zo."

Ban gaya masa kowace raka'a tsayuwa biyu ce da ruku'u biyu ba, kuma sunna ce a tsawaita. Ni ba alaramma ba ne, amma duk abin da ke kaina na juye shi a tsayuwar nan. Na yi ruku'u, kofur ya ɗauka an kusa, sai ya ga na ɗago na sake kama karatu. Ogan ya dawo ya tarar da ni a tsaye, ya shiga, ya fito, ya tarar da ni a ruku'u. Da na sallame rana ta washe tas, kofur yana zaune a kan bencina yana gyangyaɗi. Duk jama'ar da ta cika masallacin nan da safe, da masu gayyata da waɗanda aka gayyata, babu wanda ya yi sallar, don a lokacin kowa yana ƙarƙashin gado ko yana neman takalminsa.

Da yamma Modibbo ya zo da Malam Nura da Bitrus, suka yi bayani, aka sake ni. Bitrus ya karɓi gilashinsa ya duba ko ya tsage. Na wuce masallaci don magariba, na tarar an sauya kwaɗon akwatin amfilifaya. Modibbo ya ce ya yi magana, Malam Nura ya ce shi ma ya yi, amma su biyu ne, masu cin albarkacin janareto sun fi yawa. Na yi salla a sahun baya na tafi gida.

Bayan isha ina zaune a ƙofar gida sai na ji ƙahon gabas ya yi ƙara, muryar Sabi'u ta fito, mai daɗi kuwa, ba zan hana shi ba. Ya yi sallama, ya ce kwamiti yana ba jama'a haƙuri a kan abin da ya faru da safe, kuma an ɗauki mataki. An sallami tsohon ladan, saboda rashin kiyaye lokacin salla.